Ɓawo da Farashi: Littafin Aikina a Gaɓar Maine

8 ga Yuni, 2024

Yau na buɗe wannan littafi. Ranar Talata malamata ta sa hannu a kan aikin: in zauna da wata tashar masunta a tsakiyar gaɓar jihar Maine ta Amurka har shekara ta zagayo, ina rubuta abin da ake biyan mai jirgi a kan kowace laba (kusan rabin kilo) ta lobsta, da irin kayan da ya kawo, da ɗumin ruwa a ranar. Tashar ta ƙungiyar masuntan ce da kansu, ƙarama. Rabin katakon dandamalinta sabo ne fil, saboda guguwa biyu da aka yi a watan Janairu sun ɗebe tsohon, kamar yadda suka yi wa tashoshi da dama a jihar.

Tun da na faɗi aikin a gida ake tambayata mene ne lobsta. A ɗauki jatan lande a girmama shi ya zarce tafin hannu nesa ba kusa ba, a ba shi awartaki biyu irin na kunama, ɗaya kakkaura na fasa abu, ɗaya siriri na yanka. A cikin ruwa launinsa tsakanin kore da baƙi ne, sai an dafa shi yake komawa ja. Ga masu tambayar hukunci kuma, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne.

Zaton da na shigo da shi lissafin kaka ne: kaya suka yi yawa farashi ya faɗi, suka yi ƙaranci ya tashi, kamar albasar Aliero. Na rubuta shi a nan don in dawo in duba shi nan gaba.

19 ga Yuni

Bayan Sallah da kwana uku, wani dattijo mai jirgi ya yarda in bi shi. Mun tashi gari bai waye ba. A watannin nan doka ta hana jan tarko da dare, sai saura rabin awa rana ta fito, don haka jirage ke isa wurin su jira. Tarkon akwatin waya ne mai ɗakuna biyu, aikinsa ɗaya da gurar masuntanmu na Yauri: shiga da sauƙi, fita da wuya. Kowane mai jirgi da launin alamarsa da ke yawo a saman ruwa, kuma a yawancin yankuna bakwai da aka raba gaɓar jihar, mutum ɗaya ba ya wuce tarko 800.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ma'aunin tagulla da ke hannun yaron jirgin. Duk lobstan da ya fito, sai ya saƙala bakin ma'aunin a gurbin idonsa ya miƙa shi zuwa ƙarshen ɓawon bayansa. Bai kai inci 3 da kwata ba, ya koma ruwa. Ya wuce inci 5, shi ma ya koma ruwa, a bar shi ya hayayyafa. Da ya ɗago wata mace ya kifar da ita, sai ga ƙwai baƙaƙe manne a ƙarƙashin wutsiyarta kamar tsabar gero. Ya zaro wuƙa ya yi mata ɗan tsagu a fiffiken wutsiya, ya sake ta. Daga ranar, duk wanda ya kama ta ya ga tsagun, ko babu ƙwai a jikinta, ba shi da ikon sayar da ita.

Kamun bai taka kara ya karya ba. Amma kowanne a cikinsu ɓawonsa kamar dutse, duk kuje-kuje, wasu har da ƙananan halittun ruwa manne a bayansu. Farashin da ke allon tashar mai kyau ne.

Na tambayi dattijon ina sauran suka shiga. Ya ce, "Ɗana, sun shige ƙarƙashin duwatsu suna shirin saɓa. Ka dawo nan da wata guda, za ka rasa inda za ka sa ƙafa a jirgin nan."

3 ga Yuli

Gobe bikin 'yancin kan Amurka. Motocin baƙi sun cika hanya, rumfunan da ke sayar da naman lobsta a cikin burodi layi har waje. Buƙata ta kai maƙura, kaya kaɗan, farashi bai motsa ƙasa ba. Zuwa yanzu dai lissafin kaka yana aiki. Daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta ba a jan tarko ranar Lahadi, saboda haka shafin Lahadi zai zauna fanko a littafina.

22 ga Yuli

Saɓar ta iso. Cikin kwana goma komai ya juye.

Lobsta ba ya girma a cikin ɓawonsa, sai ya fasa shi ya fita, kamar yadda maciji ke tuɓe rigarsa. Kafin ya kai girman da doka ta yarda a kama, yakan yi shekara biyar zuwa bakwai yana saɓa fiye da sau ashirin. Babba kuwa kusan sau ɗaya yake yi a shekara, idan ruwa ya yi ɗumi. Da zarar ya fito daga tsohon ɓawon, sai ya zuƙi ruwa ya kumbura, sabon ɓawon ya daskare a kan wannan girman. Naman sai daga baya yake cike gurbin. Yana fitowa daga maɓoyarsa da yunwa, ya faɗa duk tarkon da ya ji ƙanshin kifi a ciki. Waɗanda aka mayar ruwa bara don ba su kai ma'auni ba, da yawansu yanzu sun kai. Shi ya sa jirage ke dawowa sun yi nauyi.

Allon tashar yanzu farashi biyu ne: na mai tsohon ɓawo a sama, na mai sabon ɓawo a ƙasa, da tazara mai faɗi a tsakaninsu. Wannan shi ne abu na farko da ya girgiza zatona. A rana ɗaya, a jirgi ɗaya, a kan sikeli ɗaya, yawan kaya ɗaya ne, amma kuɗi biyu.

Matar da ke kula da sikeli ta koya mini yadda ake rabewa. A riƙe shi a baya, a danna gefen ɓawon da babban yatsa. Mai tauri ba ya ko motsi. Mai sabon ɓawo yana lotsawa kamar gwangwanin lemo da aka shanye. Akwai na tsakiya, wanda ya fara ƙwari amma bai gama ba. Akwai kuma wanda ya yi laushi kamar tsumma, shi ba a ma kawo shi tasha, tun a teku ake mayar da shi. Ta kifar da guda biyu ta nuna mini ƙarƙashin awartakinsu: na sabon tas, launinsa mai haske, na tsohon ya yi duhu ya sha kuje.

Da yamma na sayi guda biyu masu nauyi ɗaya na dafa. Mai sabon ɓawon da hannu na ɓare shi, ruwa ya tsiyayo a faranti, naman awartakin ya tsaya a tsakiya bai taɓa bango ba. Ɗayan sai da na nemi abin fasawa, nama maƙil har baki. Masu sana'ar suna cewa mai tauri yakan ba da nama wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, mai laushi kuwa ƙasa da ɗaya cikin biyar. Ke nan wanda ya sayi laba ɗaya ta mai sabon ɓawo, wani ɓangare na kuɗinsa ruwan teku ya saya. Sai dai in faɗi gaskiya, naman sabon ya fi zaƙi da taushi, kuma mutanen nan shi suka fi so. Abin da ya fi daɗi a baki shi ne ya fi araha. Wannan ya nuna mini ba ɗanɗano ake biya ba, kuma ina jin yawan naman kaɗai bai isa ya bayyana girman tazarar ba.

9 ga Agusta

Daren Laraba famfon da ke kai ruwan teku cikin tankin ajiya ya tsaya. Kafin a farga, ruwan ya ɗumama, iskar cikinsa ta ƙare. Da safe na taya su buɗe akwatunan, kowanne laba 90. A na masu tsohon ɓawo, ɗaya nan ɗaya can suka mutu. A na masu sabon ɓawo, hannu ya gaji da tsinta. Ana ɗaga mataccen, wutsiyarsa ta saki, awartakinsa ya rataya. Ba a sayar da mataccen lobsta, domin namansa na lalacewa nan da nan. Matar sikeli ba ta ce uffan ba, tana tsinta tana jefawa a durom. Kuɗin mutane ne, na fetur da na abincin tarko da na tashin asuba. Ban ci abincin kirki ba ranar.

A bakin durom ɗin nan na gane abin da tazarar allon take nufi. Lobsta kaya ne da ake sayarwa da rai. Mai tsohon ɓawo, in an ajiye shi cikin sanyi da danshi, yana iya kwana ɗaya ko biyu a wajen ruwa, ya hau jirgin sama ya sauka Faransa ko China yana motsi. Mai sabon ɓawo ba shi da wannan ƙarfin. Kasuwarsa iyakarta inda mota za ta kai shi cikin sa'o'i: rumfunan baƙi na nan kusa, da masana'antun da ke dafa shi su cire nama ko su daskarar da wutsiya. Da yawan waɗannan masana'antun a Kanada suke, musamman lardin New Brunswick. Kowace yamma babbar mota mai firiji ke ɗaukar kayan tasharmu. Kaya masu yawa, masu saye kaɗan, kuma ba za a iya riƙe su a jira gobe ba. Farashin yana bin nisan da lobstan zai iya yi da ransa.

Dattijon ya ba ni labarin 2012, kuma na je na duba shi a bayanan hukumar albarkatun ruwa ta jihar. A shekarar ruwan ya yi ɗumi tun da wuri, saɓar ta riga lokacinta da makonni. Masu sabon ɓawo suka kwararo a daidai lokacin da masana'antun Kanada ke fama da kamun masuntansu. Matsakaicin farashin shekarar a Maine ya tsaya a dala 2.69 kan laba. Wasu masu jirage suka ɗaure jiragensu suka ƙi fita. A watan Agusta masuntan New Brunswick suka tare ƙofofin masana'antu suka hana motocin Maine sauke kaya, don arahar ta karya nasu farashin. Ya ce bai taɓa kama lobsta kamar na shekarar ba, kuma bai taɓa shiga ƙunci kamar nata ba.

28 ga Agusta

Na kira Kawu a Yauri, shi da ya shekara talatin yana dillancin kifi. Na zayyana masa komai.

Ya ce, "To ai ɗanye da banda ke nan, yaro. Mai ɗanyen kifi rana ce ke yi masa ciniki. Mai banda shi ke yi wa kasuwa ciniki."

Na ce, "Haka ne, Kawu, sai dai nan bandar tasu a hannun masana'anta take, ba a hannun masunci ba."

Ya ce to ai shi ke nan, wanda ke da murhu shi ke da farashi. Na rubuta maganar a bangon littafin.

Na fara tattara kuɗin da ake kashewa, domin farashin allo ba shi ne abin da ke shiga aljihu ba. Abincin tarko shi ne babba. A da, wani ƙaramin kifin teku mai maiƙo ake sawa, amma tun 2019 aka zaftare adadin da aka yarda a kama, sai aka koma wa wasu kifayen, har da daskararrun da ake shigowa da su daga nesa. Ga man jirgi, ga kason yaron jirgi da ake cirewa daga kamun. A watan da farashi ya fi faɗuwa, waɗannan ba sa saukowa tare da shi.

17 ga Satumba

Hutun ma'aikata na Litinin ta farko a Satumba ya wuce, baƙi sun watse, rumfuna sun fara rage sa'o'i. Kamu kuwa bai ragu ba.

Na ƙara shafi don girma da nakasa. A hannun dillali ake rarraba su: mai laba ɗaya, mai laba da kwata, mai laba da rabi, sannan manya. Wanda ya rasa awartaki ɗaya kuɗinsa ƙasa ne, wanda ya rasa biyu ya fi ƙasa, duk da naman wutsiyarsu lafiya lau yake. Mai gidan abinci yana son abin da zai cika faranti da kyan gani.

24 ga Oktoba

Watan nan shi ne na samun kuɗi. Ruwa ya fara sanyi, waɗanda suka yi saɓa a Yuli sun ci sun cika, ɓawonsu ya yi ƙwari. Kaso mai tsoka na kamun yanzu ana iya tura shi da rai. Kaya suna da yawa, farashi kuma ya farfaɗo. A lissafin kaka hakan bai kamata ya faru ba. Na koma shafin 8 ga Yuni na ja layi a ƙarƙashin zatona na rubuta: rabin gaskiya.

Akwai abin da ke damuna, kuma zan sa shi a rahoton ko da ba zai yi wa kowa daɗi ba. Na bi jirage huɗu zuwa yanzu. A jirgin dattijon, yaron yana ɗaukar kowane lobsta da hannu, ya sa masa roba a awartaki, ya kwantar da shi a tanki mai ruwa mai gudu, duk kawunansu na kallon gefe guda don kada ƙahon wani ya huda ɓawon wani. A wani jirgin kuma wurgi ake yi daga nesa, kwas, a kan 'yan'uwansa. Lobstan da ɓawonsa ya tsage jini yake zubarwa a hankali, ba a gani, sai bayan kwana biyu ya mutu a tankin wani. Amma a sikeli, in dai ɓawon ajinsu ɗaya, kuɗin laba ɗaya ne ga jiragen biyu. Dillali ya san za a yi mace-mace, sai ya cire asarar daga farashin kowa. Mai kula yana biya wa marar kula. A ganina wannan rashin adalci ne, kuma yana kashe wa masu kula gwiwa. Ƙungiyar tana raba rarar riba a ƙarshen shekara bisa yawan labobin da kowa ya kawo. Da za a riƙa lissafa mace-macen kowane jirgi a sa shi cikin rabon, da abubuwa sun canza.

Na faɗa wa dattijon. Ya yi shiru, sannan ya ce maganar gaskiya ce, amma wanda zai tashi a taro ya nuna maƙwabcinsa da yatsa, gobe tare za su fita teku, kuma in injinsa ya mutu maƙwabcin ne zai ja shi. Na fahimce shi. Ban sauya ra'ayi ba.

Wani dillali da ya yi mini alkawarin bayanan mace-macen tankinsa ya janye. Sau uku ina zuwa. Dole wannan ɓangaren ya dogara da na ƙungiyar kaɗai.

30 ga Nuwamba

Idon kowa a tashar yana kan Nova Scotia. Yankuna na 33 da 34 a kudu maso yammacin lardin, mafi girman wurin kamun lobsta a Kanada, suna buɗewa ne Litinin ta ƙarshe a Nuwamba, sai in iska ta sa an ɗage, su rufe 31 ga Mayu. Ranar buɗewa jirage ke fita da asuba, tarkuna jibge har sama, kowa na rige-rigen wurin zubawa. Kamun makonnin farko shi ne mafi yawa, kuma abin da aka biya a can yana taɓa allonmu cikin kwanaki.

Kwatanta tsarin ƙasashen biyu ya zama babi mai zaman kansa. Maine ba ta rufe kamu, shekara duka a buɗe take, kuma mafi yawan kayanta tsakanin Yuli da Disamba suke fitowa, wato a cikin saɓa da bayanta. Kanada ta raba gaɓarta yanki-yanki, kowanne da lokacinsa, akasari an kauce wa watannin saɓa. Kudu maso yammacin Nova Scotia na kamu da hunturu, arewacin tsibirin Prince Edward na yi a Mayu da Yuni. Dabba ɗaya, kusan ruwa ɗaya, amma masuncin Kanada ya fi fitowa da mai tsohon ɓawo. Ba na cewa na Maine sun yi kuskure. Kamun rani kusa da gaɓa ake yi, a ruwa mai kwanciya, ƙaramin jirgi ma ya isa, kuma shi ke ciyar da kasuwar baƙi. Fitar hunturu tana cin rayuka. Kowane tsari da abin da ya saya da abin da ya bayar.

A can ba su tsaya ga danna ɓawo da yatsa ba. Kafin a buɗe kamu, akan zuƙi ɗan jinin lobsta da allura a ɗiga a kan wata ƙaramar na'ura da ake leƙawa ta cikinta, ta nuna kaurin sinadarin gina jiki da ke jinin. Jini mai kauri alamar lobstan ya cika, zai jure ajiya da tafiya. Malamata ta samo mini irin na'urar aro. Na gwada a tasharmu, na tarar da wasu da ɓawonsu ya yi tauri amma jininsu tsararo ne. Ashe ɓawo na riga nama. Yatsa na iya ruɗuwa a irin waɗannan.

20 ga Disamba

Na kwana biyu a wani wurin shirya kaya don jirgin sama. Ana fito da su daga ruwa mai tsananin sanyi, sun yi lamo ba sa motsi sosai. Mai shiryawa ta ɗaga kowanne ta duba: in ya ɗaga awartaki ya naɗe wutsiya, ya ci jarrabawa. Sai ta tsayar da shi a gurbinsa cikin kwali mai ɗakuna kamar na kwalabe, wutsiya ƙasa, awartaki sama, ta rufa jiƙaƙƙen ƙyalle da ƙunshin sanyi. Wanda ya yi laƙwas ya tafi tukunyar masana'anta. Kirsimeti da sabuwar shekara a Faransa da Italiya da Sifaniya su ke jan kasuwar makonnin nan.

Haraji ma ya shiga littafin, domin kan mai tsohon ɓawo yake faɗawa, shi ne mai tsallaka teku da rai. A Satumban 2017 yarjejeniyar Kanada da Tarayyar Turai ta cire harajin kashi 8 cikin 100 daga lobstan Kanada mai rai, na Amurka ya ci gaba da biya har sai da aka daidaita a 2020. A Yulin 2018 China ta ɗora ƙarin kashi 25 cikin 100 a kan na Amurka, ciniki mai yawa ya koma Halifax ta Kanada.

31 ga Janairu, 2025

Ƙanƙara a kan dandamali. Yawancin jiragen an fitar da su tudu, tarkuna an jera su a bayan gidaje. Manyan jirage kaɗan masu izinin ruwan tarayya ke fita, nesa, in iska ta bari. A ruwan sanyi lobsta ba ya yawo, ba ya cin abinci sosai, don haka ba ya shiga tarko. Abin da ke zuwa kaɗan ne, mai tauri ne, ga sabuwar shekarar China da ta kama 29 ga wata. Farashin allon shi ne mafi tsada tun da na fara. A nan ƙarancin kaya da ingancinsu sun haɗu sun tura shi gefe guda, shi ya sa raba tasirin kowanne a lissafi yake ba ni wahala. Watannin Yuli da Oktoba, inda kaya ke da yawa a duka biyun amma ingancinsu ya bambanta, su ne za su taimake ni.

Masu cin ribar wannan lokaci su ne waɗanda suka sayi masu ƙwari da kaka suka ajiye, wasu a tsofaffin lungunan teku da aka datse da shinge, wasu a tankunan zamani inda kowane lobsta ke cikin bututunsa. Ajiyar hatsi ce a rumbu, sai dai wannan hatsin yana numfashi, kuma wanda ya ajiye marar ƙarfi gawa zai kwasa.

Batun ƙara ma'auni daga inci 3 da kwata zuwa 3 da 5 cikin 16 ya tayar da ƙura. Masuntan sun ce za su rasa ƙananan masu laba ɗaya, Kanada ta cike gurbin. A farkon watan nan kwamishinan hukumar albarkatun ruwa ta jihar, Patrick Keliher, ya janye dokar daga ɓangaren jihar bayan wani zazzafan taro a Augusta, babban birnin jihar.

22 ga Maris

Azumi ya yi nisa, aikin ya koma na tebur. Hukumar ta fitar da alƙaluman 2024: laba miliyan 86, kuɗinsu dala miliyan 528, wato dala 6.14 kan laba. Na jera su da na baya. A 2016 an kama laba miliyan 132, mafi yawa a tarihi. A 2021 farashi ya kai dala 6.71, shekara guda bayan haka ya rikito zuwa 3.97. A 2023 ya zama 4.95. Tsalle irin na 2021 zuwa 2022 ya fi ƙarfin saɓa da ɗumin ruwa. Buƙatar masu saye da kayan da ke jibge a firijin masana'antu ne suka yi shi. Saboda haka na rubuta wa malamata cewa aikina zai bayyana hawa da sauka a cikin shekara, amma matakin da shekarar kanta ta tsaya a kai wani lissafi ne daban, kuma zan ware shi.

Shekaranjiya harajin kashi 25 cikin 100 da China ta sa wa kayan tekun Kanada ya fara aiki, har da lobsta. Masu jirage a nan suna fargabar kayan da ba su tafi can ba za su gangaro kasuwar Amurka.

Saura Afrilu da Mayu. A ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu yankunan bazara na Kanada ke buɗewa, masu tsohon ɓawo su kwararo lokaci guda. Wannan ne gwajin da nake jira: kaya masu yawa kuma masu inganci, kishiyar Yuli. In farashi ya faɗi amma bai kai faɗuwar saɓa ba, bambancin shi ne kuɗin ɓawo. Na shirya shafukan. Dattijon ya aiko cewa zai fara mayar da tarkunansa ruwa bayan Sallah, kuma ya yarda in riƙa ɗiban jinin goma daga kowane kamu kafin a kai sikeli.